Ƙari a Ƙirjin Ɗan Ɓera

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin kiwon ɓerayen gwaji ya san wannan kama. Da safe ka ɗaga murfin keji, sauran suna ta kai-kawo suna tonon garin katako, ɗaya kuwa ya rakuɓe a lungu, baya a tanƙware, gashi a tsaitsaye, haƙarƙari na ɗagawa da ƙyar. Watansa huɗu ko biyar a duniya, ko rubu'in rayuwarsa bai ci ba, tunda farin ɓera in ya sami kulawa yakan kai shekara biyu har da ɗori. Ba a yi masa allurar komai ba, ba a ɗura masa komai ba, abincinsa da ruwansa irin na 'yan'uwansa ne. Bayan kwana biyu ko uku sai a wayi gari ya mutu. In aka tsaga ƙirjinsa, wani farin tsiro mai laushi za a tarar ya cika wurin, ya lulluɓe zuciya, ya danne huhu zuwa baya har iska ta rasa hanyar shiga.

Na daɗe ina wannan aiki kafin in ajiye in dawo gida Rayfield a Jos, kuma na san abin da aka fi yi da irin wannan gawa a ɗakunanmu. Yaron da ke share keji ya ce, "Oga, ɗaya ya tafi," a ɗauko shi ta wutsiya a jefa cikin kayan ƙonawa, a rage lamba ɗaya a jikin kati, shi ke nan. Abin yana damuna har yau. Irin wannan mushen ɗan ɓera, da ya faɗa hannun mutanen da suka tsaya suka buɗe shi suka rubuta abin da suka gani, shi ya tabbatar da cewa ƙwayar bairos na iya haddasa sankarar jini a dabba mai shayarwa. Shi ne kuma ya tona asirin wata gaɓa da ke cikin ƙirjin kowannenmu, wadda likitoci suka yi ƙarnuka suna gani ba su san amfaninta ba.

Sunan gaɓar taimos. Wani ɗan nama ne fari-fari mai ɓari biyu, yana zaune bayan ƙashin ƙirji, a saman zuciya. A jikin jariri babba ne in aka dubi girman jikin, yana nan da ƙarfinsa har zuwa balaga, daga nan sai ya fara motsewa, kitse ya riƙa maye gurbinsa, har a jikin dattijo sai an yi da gaske kafin a gane shi. Mahauta suna cin karo da shi a gindin wuyan maraƙi da ɗan rago, amma ba sa samunsa a tsohon sa. A jikin ɓera yakan kai iyakar girmansa wajen mako 4 zuwa 6 da haihuwa, kuma ko a lokacin bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Wanda ƙari ya kama yakan ninka haka sau goma.

Aikinsa horarwa ne. Akwai wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T. Asalinsu daga ɓargo suke, amma ba sa iya aikin tsaron jiki sai sun bi ta taimos, kamar yadda kurtu ba ya zama soja sai ya bi ta dafo irin na Zariya. A cikinsa suke hayayyafa da sauri ƙwarai, kuma kowace ƙwaya sai ta yanka wani sashe na kundin gadonta, wato DNA, ta sake ɗinke shi, don ta ƙera wa kanta alamar gane abokin gaba wadda ba irin ta kowa ba. Wadda alamarta ba ta iya gane komai, mutuwa take yi. Wadda ta ɗauki naman jikin mai ita a matsayin abokin gaba, ita ma kashe ta ake yi. Fiye da kashi 90 cikin 100 a nan suke ƙarewa, 'yan kaɗan ne ke fita cikin jini su kama aiki.

To ka ga inda haɗarin yake. Wuri ne da ƙwayoyi ke rabuwa ba dare ba rana, ana kuma yanka kundin gado da gangan. In ɗinki ɗaya ya kauce ya tayar da wata ƙwayar gado mai ba da umarnin a ci gaba da rabuwa, kuma tsarin da ke kashe ƙwayar da ta lalace bai kama ta ba, sai ƙwaya ɗaya ta zama dubu, dubu ta zama miliyan. Daga ƙirji ciwon ya bi jini ya sauka a saifa da hanta da kaluluwa. Shi ya sa yake zuwa da ƙuruciya, lokacin da taimos ke kan ganiyarsa, alhali yawancin sauran ƙararraki na ɓera sai ya haura shekara suke bayyana.

Kafin 1961 babu wanda ya san wannan aiki na taimos, kuma ta kan ƙarin ne aka bi aka gano shi.

A 1928 wani likita ɗan asalin Hangari da ke aiki a Amurka, Jacob Furth, ya fara haɗa ɓeraye wa da ƙanwa, zuriya bayan zuriya, yana riƙe dangin da sankarar jini ta fi yawa a cikinsu. In aka yi irin wannan haɗi sau 20 a jere, dangin kan zama kusan abu ɗaya a wajen gado, abin da ya sami wannan zai sami wancan. Daga aikinsa aka sami dangin da yau ake kira AKR, waɗanda kashi 60 zuwa 90 cikin 100 nasu ciwon ke kamawa, galibi tsakanin wata 6 da shekara guda. A 1944 Furth da abokan aikinsa biyu suka yi wa matasan ɓerayen tiyata suka cire musu taimos tun kafin ciwon ya zo. Sai ciwon ya ragu ƙwarai. Ashe a wannan ɗan nama yake farawa.

Amma me ke kunna shi? Mutumin da ya amsa wannan, a ganina, shi ya fi cancantar ɗalibanmu su san labarinsa. Ludwik Gross Bayahude ne haifaffen birnin Krakow na ƙasar Folan. Ya tsere wa sojojin Hitila a 1940 ya isa Amurka, daga baya ya sami aiki a asibitin tsofaffin sojoji da ke unguwar Bronx a New York, inda aka ba shi wani ɗan ƙaramin wuri yake kiwon ɓerayensa. Tun 1908 wasu masana biyu a Kofanhegan, Ellermann da Bang, sun nuna cewa ana iya ɗaukar sankarar jini daga kaza zuwa kaza da ruwan da aka tace, amma manyan lokacin sun ce wannan sha'anin kaji ne kawai. Gross bai yarda ba. Yakan niƙa gaɓoɓin ɓeran AKR mai ciwo, ya raba ruwan da ƙwayoyin jiki, ya yi wa lafiyayyun ɓeraye na wani dangi, C3H, allura, ya zauna jira. Ya yi shekaru ba abin da ya gani. Sai wata rana ya ji wani masani, Gilbert Dalldorf, yana bayani a kan wasu ƙwayoyin bairos da ba sa kama ɓera sai in jariri ne sabon haihuwa. Ya koma ya gwada da jarirai da ko kwana ba su yi ba. Bayan watanni suka fara kamuwa, kuma a 1951 ya buga sakamakonsa.

Ba a karɓe shi ba. Wasu sun sake gwajin ba su ga komai ba, har aka riƙa zarginsa. Daga baya aka gane dalili: wasu sun bari jariran sun yi kwanaki kafin allura, wasu kuma ɓerayensu sunansu C3H ne amma wani reshe ne dabam na dangin, wanda ciwon ba ya kamawa da sauƙi. Suna ɗaya, asali ya rabu, sakamako ya rabu. Sai ƙarshen shekarun 1950 aka tabbatar da maganarsa, kuma a 1974 aka ba shi lambar yabo ta Lasker.

Ƙwayar da Gross ya gano ita ta kai wani matashi ga babban abin. Jacques Miller, haifaffen Faransa wanda ya tashi a Sin da Ostareliya, ya je Landan a 1958 don yin digirin digirgir a kan wannan sankara ta ɓeraye. Tunda bairos ɗin sai jarirai yake kamawa, kuma ciwon a taimos yake farawa, sai ya ga ya kamata ya cire taimos tun ranar haihuwa ya ga abin da zai faru. Ka yi tunanin tiyata a ƙirjin halittar da nauyinta bai kai giram biyu ba. Ɓerayen suka tashi lafiya har yaye, daga nan sai suka fara ramewa, cututtuka suka taso musu, da yawa suka mutu. Wani zai ce tiyatar ce ta illata su, ya zubar. Miller ya buɗe su. Ya ga kaluluwarsu da saifarsu sun yi ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyi. Sai ya ɗinka musu fatar wani dangin ɓera, wadda lafiyayyen jiki kan ƙi ya zubar cikin kwana goma zuwa sha biyu. Fatar ta zauna daram, har ta fid da gashi. A 1961 ya buga wannan a mujallar likitoci ta Lancet. Manyan masana garkuwar jiki na lokacin, ciki har da Peter Medawar mai lambar Nobel, sun ɗauki lokaci suna ganin taimos ba wani abu ba ne, amma gaskiya tana wajen matashin.

Masu kiwon kaji a nan Jos sun san rabin wannan labari ba tare da an gaya musu ba. Duk wanda ya taɓa rasa 'yan tsaki masu mako uku zuwa shida saboda cutar Gumboro ya san cewa waɗanda suka tsira ma ba sa ƙarko, kowace cuta ta zo sai ta kwashe su, allurar rigakafi kuma ba ta kama su yadda ya kamata. Dalili shi ne Gumboro tana cinye wata 'yar jaka da ke kusa da duburar kaza, inda ake horar da ɗaya rukunin fararen ƙwayoyin, ƙwayoyin B. A 1965 Max Cooper ya yi gwaji da 'yan tsaki, ya cire wa wasu wannan jaka, wasu kuma taimos, ya nuna cewa garkuwar jiki runduna biyu ce. Shi da Miller aka haɗa aka ba lambar Lasker a 2019. Maganin rigakafin Gumboro da mutanenmu ke sayowa daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom su zuba a ruwan sha, wannan jakar yake karewa. Duk likitan da yau ke ƙirga ƙwayoyin CD4 na mai ɗauke da ƙanjamau kuwa, 'ya'yan taimos yake ƙirgawa.

Sauran tambaya ɗaya: ɓeran AKR da ba wanda ya yi wa allura, daga ina ya samo bairos ɗin? A shekarun 1970 Wallace Rowe da Janet Hartley da abokan aikinsu a Amurka suka warware wannan. Bairos ɗin a rubuce yake cikin kundin gadon ɓeran, ya gaje shi daga iyaye tare da launin gashinsa. Tun yana jariri ƙwayar ke fitowa tana yaɗuwa a jikinsa. Bayan 'yan watanni sai ta gauraya da wasu gutsattsarin tsofaffin bairos da su ma ke kwance a kundin, ta zama sabon nau'i mai kama ƙwayoyin taimos, ta riƙa cusa kanta a kundinsu nan da can, har wata rana ta faɗa kusa da ƙwayar gado mai sa rabuwa. Saboda haka in an ce ƙarin ya fito da kansa, ana nufin ba mai gwajin ne ya jawo shi ba. Dalilinsa yana nan, a cikin asalin dabbar. Mu ma kusan kashi 8 cikin 100 na kundin gadonmu ragowar irin waɗannan tsofaffin bairos ne, sai dai namu sun daɗe da lalacewa.

Akwai wata hanya kuma da ake tayar da wannan ƙari, kuma ita ce ta shafe mu a nan. Henry Kaplan na Jami'ar Stanford ya nuna cewa dangin C57BL, waɗanda ba kasafai suke yin ciwon da ƙuruciya ba, in aka haska musu hasken eksire mai ƙarfi sau huɗu, mako-mako, tun suna ƙanana, mafi yawansu sai ƙarin taimos ya kama su bayan 'yan watanni. Rayfield kuwa ƙasar kuza ce. Tafkunan da muke gani, har da wanda aka mai da wurin shaƙatawa, ramukan haƙa ne da ruwa ya cika, filin wasan golf kuma Turawan kamfanonin haƙa ne suka bar shi. Tarin ƙasar da aka wanke kuza aka zubar tana ɗauke da wani ma'adini, monazayit, mai sinadarin toriyom, wanda ke fitar da irin wannan tururi mai ratsa jiki. Masananmu sun yi awo a wurare irin su Bukuru da Bisichi sun sami adadin da ya haura na sauran wurare, kuma mutane suna ɗibar wannan ƙasa suna gini da ita, suna noman rani a bakin tafkunan.

A majalisarmu ta bayan la'asar, duk lokacin da aka ce sankara ta kama wani, sai ka ji an ce, "Ai ƙasar nan ce." Ba na raina maganar. Tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya. Amma abin da Kaplan ya zuba wa ɓerayensa cikin 'yan mintoci ya ninka abin da mai zama kusa da tarin ƙasa zai sha a shekara sau ɗaruruwa, saboda haka ba daidai ba ne a ɗauki sakamakonsa a ɗora wa unguwa. Wanda kuma ya ce zai gwada, ya ajiye ɓeraye a kan ƙasar kuza ya ga ko za su yi ƙari, to in biyu cikin talatin suka yi, me zai ce? Ba zai iya cewa komai ba sai ya san nawa cikin talatin ke yi a kan garin katako zalla, a wannan dangi, a wannan shekaru. Wannan lissafi ne ba mu da shi a yawancin ɗakunanmu.

Wata 'yar maƙwabcina da ke karatun haɗa magunguna ta zo mini da hoto a wayarta. Tana gwada ruwan wani ganye da ake sha a gargajiyance, ta raba ɓeraye rukuni-rukuni, tana ɗura musu kullum har kwana 28. Ɗaya daga rukunin da ke shan mafi yawa ya mutu a mako na uku, kuma Allah Ya yi mata albarka, ta buɗe shi. Ga farin tsiro ya cika ƙirji.

"Baba, ganyen nan kansa yake sawa ke nan?"

Na ce, "'Yata, daga ina kika sayo su? Watansu nawa? A gidan da aka haife su, cikin ɗari nawa ke yin haka?"

Ta ce mai sayarwa ya ce mata Swiss albino ne, ya auna mata su a sikeli, iyakar abin da ta sani ke nan. Na gaya mata cewa ko sinadaran da aka san suna haddasa wannan ƙari da ƙarfi sukan ɗauki watanni kafin ya cika ƙirji haka, don haka mafi rinjaye ciwon ya riga ganyen. Amma ban iya rantsuwa ba, ita ma ba za ta iya ba. Da a rukunin da ba a ba komai ba ya mutu, wani ɗalibin sai ya rubuta cewa ganyen yana kare jiki daga sankara. Kowanne daga cikin biyun zai iya shiga jarida, mai maganin gargajiya ya yi asarar sana'arsa ko mara lafiya ya bar asibiti ya koma shan ganye, alhali ɗan ɓera ɗaya ne ya zo duniya da abinsa.

Sunan nan Swiss da ɗalibanmu ke rubutawa yana da asali. A 1926 wata masaniya, Clara Lynch, ta ɗauko fararen ɓeraye tara, maza biyu mata bakwai, daga birnin Lozan na ƙasar Suwizalan zuwa Cibiyar Rockefeller a New York. Daga waɗannan tara aka sami zuriyar da ta cika ɗakunan gwaji na duniya, ciki har da CD-1 da kamfanonin magani ke gwajin guba da shi. Ba dangi ɗaya tak ba ne irin AKR, kowane gida da irin nasa gadon, kuma an san cewa jifa-jifa ƙarin taimos kan fito a matasansu ba tare da an ba su komai ba. Manyan masu kiwo da kamfanoni sukan tara bayanan duk ɓerayen da ba a ba magani ba daga gwaje-gwajen shekaru, su buga a jadawali, ta yadda in ƙari ya fito a sabon gwaji za a duba a ga ko ya wuce abin da aka saba. Namu kuwa sun yi zuriya da yawa suna wucewa daga hannu zuwa hannu, wani lokaci daga mace ɗaya ko biyu aka sake tayar da gida bayan annoba, ba wanda ya rubuta. A 1947 gobarar daji ta cinye Ɗakin Binciken Jackson da ke Bar Harbor a Amurka, ta kashe ɓeraye kusan 90,000. Masanan da suka taɓa saye daga wurinsu suka riƙa mayar musu da iri, aka sake tayar da dangogin, domin kowa yana riƙe da asalin abin da ke hannunsa a rubuce.

Ana ƙera ɓeraye ma da gangan don wannan ciwo. A 1992 masana a Houston suka cire wa ɓera ƙwayar gado mai suna p53, wadda ke sa ƙwayar da kundinta ya lalace ta kashe kanta. Ɓerayen suka tashi lafiya lau, amma kafin wata shida galibinsu sun yi ƙari, kuma na taimos ya fi yawa. Wannan p53 ɗin an same ta a lalace a kusan rabin sankarar 'yan'adam.

Rashin sanin yadda lafiyayyen abu yake ya taɓa cutar da mutane kai tsaye. Daga shekarun 1920 har zuwa 1950, likitoci a Amurka da Turai sun riƙa ganin taimos babba a hoton ƙirjin jarirai, suka ɗauka cuta ce mai shaƙe yaro a barci, suka riƙa haska musu eksire don ya motse. Girmansa na halitta ne. Dubban yara aka yi wa haka, kuma bayan shekaru aka ga sankarar tayirod, wata gaɓa da ke gaban maƙoshi, ta yawaita a cikinsu.

Ainihin ciwon kuma yana kama 'ya'yanmu. Cikin yaran da ke kamuwa da sankarar jini mai saurin tashi, wajen kashi 15 cikin 100 ta ƙwayoyin T ce, ta fi yawa a maza da waɗanda suka doshi balaga, kuma sau da yawa da ƙari a ƙirji take fara bayyana. Yaro ya riƙa tari ba ji ba gani, numfashi ya yi masa wuya musamman in ya kwanta rigingine, fuska da wuya su kumbura, jijiyoyin wuya su fito. Akan ɗauka asma ce ko tarin fuka. Abin da nake roƙon iyaye shi ne kada a je kemis a sayo firedinisolon ko deksa a ba shi. Zai ji sauƙi na 'yan kwanaki domin waɗannan magunguna suna narkar da ƙwayoyin, sai a ɗauka an warke, ciwon ya dawo, kuma likita ya sha wahalar gane shi tunda an ɓata alamar. A kai shi babban asibiti, irin na koyarwa da ke Lamingo, a ɗauki hoton ƙirji a gwada jini. A ƙasashen da magani ya wadata, fiye da kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan yara suna warkewa.

Bairos ɗin ɓera bai taɓa tabbata yana sa wa mutum sankara ta hanyar cizo ko abinci ba. Inda ya taɓa mu, da hannun likitoci ne. Wajen shekarar 2000, a Faris da Landan, aka yi wa yara 20 da aka haifa ba su da garkuwar jiki wani sabon magani: aka ɗauki wani ɗan'uwan bairos ɗin Gross, aka cire masa abin da yake hayayyafa da shi, aka loda masa lafiyayyar ƙwayar gadon da yaran suka rasa, aka sa shi ya kai ta cikin ƙwayoyin ɓargonsu. Galibinsu sun sami garkuwa. Amma aƙalla biyar suka kamu da sankarar ƙwayoyin T, ɗaya ya rasu, domin bairos ɗin ya cusa kansa kusa da ƙwayar gado mai sa rabuwa, akasari wadda ake kira LMO2, daidai abin da yake yi a taimos ɗin ɓera. Sai da aka sake fasalin abin kafin a ci gaba.

Kada wani ya karanta wannan ya kama ɓeran ɗakin girki ya tsaga. Haɗarin ɓeran gida da na gona zazzaɓin Lassa ne, kuma Jos ta san shi tun farkonsa. A 1969 aka kawo ma'aikaciyar jinya ta farko da aka gane ciwon a jikinta daga garin Lassa zuwa asibitin Jankwano, inda ta rasu, kuma a 1970 likitar asibitin, Jeanette Troup, ta rasu bayan ta yanke hannu wajen binciken gawa. Maganata a kan ɓerayen da aka haifa aka raina a keji ne, a hannun wanda ya sa safar hannu ya rufe hanci.

Shi kuwa mai kiwon, abin da ake nema a wurinsa bai da tsada. In ya ga ɓera yana fama da numfashi, kada ya bar shi ya kwana uku yana shaƙewa. Dabba ce, tana da haƙƙi a kanmu, a ɗauke mata rai cikin sauƙi ta hanyar da likitan dabbobi ya amince. Naman da bai ruɓe ba ne ma yake karantuwa a madubin likita. A auna nauyinsa, a buɗe, a ɗauki hoto da waya da rula a gefe. A yanki taimos da saifa da hanta da ƙoda a saka a kwalba da ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman sau goma. A rubuta ranar haihuwa, mace ko namiji, wace uwa ta haife shi, wane keji, daga ina aka samo iyayen. Littafi guda mai kauri ya isa. Daga Rayfield ka bi ta Bukuru, ba ka yi awa guda a mota ba ka isa Vom, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take tun 1924, da ƙwararrun da ke yanka nama siriri su rina su duba. A Zariya ma akwai su a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello. In gidajen kiwo uku ko huɗu a Jos da Vom da Zariya suka riƙe irin wannan littafi shekara biyar a jere, za mu sami jadawalin namu fararen ɓerayen: cikin ɗari nawa ke yin ƙarin taimos, a wata na nawa, maza ko mata. Da shi za a iya zama a tsara gwajin ƙasar kuza.